Yadda Jini Yake Tona Asirin Zuciya

A ce magidanta biyu ne suka iso sashen ba da agajin gaggawa na wani babban asibiti a dare ɗaya, kowannensu ya ba shekara hamsin baya, kowannensu kuma ya dafe ƙirji yana nishi. Na farko ya ce ji yake kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji. Na biyu ya ce ƙuna yake ji tun daga ƙahon zuci har zuwa maƙogwaro, ga kuma tashin zuciya. Dukansu sun sha maganin gyambon ciki, wato olsa, kafin su baro gida, domin a ƙasarmu kusan duk wani ciwo da ya tsaya tsakanin cibiya da wuya olsa ake ɗora wa laifinsa. Likita ya auna jininsu, ya saurari ƙirjinsu, ya ɗauki zanen lantarkin zuciyarsu, amma zanen bai nuna kome a sarari ba. Ɗaya daga cikinsu, da za a sallame shi, garau zai wayi gari. Ɗayan kuwa wani sashe na tsokar zuciyarsa yana mutuwa a daidai wannan lokaci, kuma ba lalle ne ya kasance mai kukan buhun gero ba. To, ta yaya likita zai bambanta su?

Amsar da ilmin likitanci ya samo ita ce a tambayi jini. Sai dai kafin mu ga yadda ake yin wannan tambaya, ya kamata mai karatu ya san abin da yake faruwa a cikin ƙirjin.

Tsokar da ba ta hutu

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita da yawa ba, nauyinta kuma wajen giram 300 ne ga babban mutum. Tana bugawa kimanin sau 70 a minti ɗaya, wato kusan sau 100,000 ke nan a kowace rana, tun mutum yana cikin mahaifiyarsa har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Malamin da yake son ɗalibansa su gane nauyin wannan aiki sai ya sa su dunƙule hannu su buɗe, sau 70 a minti. Kafin minti uku zai ga fuskoki sun yamutse.

Abin mamaki shi ne, duk da zuciya cike take da jini, tsokarta ba ta iya ɗibar abincinta daga jinin da yake ratsa ɗakunanta, in ban da ɗan siririn sashen da ke shimfiɗe a ciki. Tana da nata jijiyoyin na musamman waɗanda suka fito daga gindin babbar jijiyar jiki suka kewaye ta kamar rawani, su ne suke kai mata iskar oksijin da abinci. Da shekaru suka yi ta tafiya, kitse yakan taru a cikin bangon waɗannan jijiyoyi, musamman ga masu shan taba, da masu hawan jini, da masu ciwon sukari. Wata rana sai wannan tarin kitse ya tsage, jini ya daskare a kan tsagar, gudan jinin ya toshe hanya. Tsokar da ke gaba da toshiyar sai ta rasa iska. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi tsokar sukan fara mutuwa, mutuwar ta fara daga ciki tana yaɗuwa zuwa waje a cikin 'yan sa'o'i. Wannan shi ne abin da gidajen rediyo suke kira bugun zuciya, sunan da a gaskiya bai dace sosai ba, tun da dai kowace zuciya mai rai bugawa take yi. Ƙwayoyin tsokar zuciya kuwa da wuya suke sabuntuwa. Wurin da ya mutu tabo yake zama, tabo kuma ba ya harba jini.

Wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, shi ne ya bayyana a shekarar 1912 cewa toshewar jijiyar zuciya ba kullum take kashe mutum nan take ba, ana iya gane ta ga mai rai. Kafin wannan, Willem Einthoven na ƙasar Holan ya riga ya ƙera na'urar da ke zana motsin lantarkin zuciya a farkon ƙarni na ashirin, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1924. Wannan zane, wanda ake kira ECG, har yau shi ne gwajin farko, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a ɗauke shi cikin minti 10 da isowar mai ciwon ƙirji. Idan babbar jijiya ta toshe ɗungurungum, zanen yakan nuna alama bayyananna. Amma a wajen majinyata da yawa toshiyar ba ta cika ba, ko kuma tana a wani lungu da zanen ba ya gani da kyau, sai takarda ta fito kamar ta lafiyayye.

Neman shaida a cikin jini

Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Kowace ƙwayar halitta kamar ƙunshi take, akwai tantani da ya naɗe kayan cikinta. Idan ta mutu tantanin yakan yage, kayan cikin su tsiyaye, jini ya kwashe su. Ke nan idan aka sami wani sinadari a cikin jini wanda mazauninsa na asali cikin tsokar zuciya ne, an sami shaidar cewa an yi ɓarna a can.

A shekarar 1954 wasu masu bincike uku a birnin Niyok, John LaDue da Felix Wroblewski da Arthur Karmen, suka nuna cewa wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, wanda yanzu ake kira AST, yana ƙaruwa a jinin mutanen da tsokar zuciyarsu ta mutu. Wannan ne mafarin. Matsalar ita ce hanta ma cike take da AST, saboda haka mai ciwon hanta zai iya nuna irin wannan sakamako. Aka koma ga wani inzayim mai suna LDH, shi kuma yana da yawa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. A ƙasa irin tamu, inda zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini suke farfasa waɗannan ƙwayoyi, shaidarsa ba abar dogaro ba ce. Daga 1960 aka shiga auna CK, wanda ya fi su, amma duk wata tsoka ta jiki tana ɗauke da shi. Allurar da aka yi wa mutum a ɗuwawu, ko faɗuwa daga kan babur, ko yinin noma, sun isa su ɗaga shi. A shekarun 1970 aka koyi ware wani nau'insa, CK-MB, wanda ya fi yawa a zuciya, shi ne kuma ya riƙe sarautar wannan fanni har wajen shekara ashirin. Duk da haka akwai ɗan kaɗan nasa a sauran tsokoki, kuma ba ya jin ƙaramar ɓarna.

Abin da ake nema shi ne shaida wanda ba shi da wani gida sai zuciya.

Mai tsaron sakata

Wanda ya gano wannan shaida ba ciwon zuciya yake bincike ba. Farfesa Setsuro Ebashi na Jami'ar Tokiyo a Japan so yake ya san yadda tsoka take tsukewa da kuma yadda take sakewa. An riga an san cewa a cikin kowace ƙwayar tsoka akwai zaruruwa iri biyu na furotin, sirara masu suna aktin da kaurara masu suna mayosin, waɗanda suke kwance a jere suna shiga tsakanin juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Idan mayosin ya kama aktin ya ja, tsoka ta tsuke ke nan. Tambayar ita ce, me yake hana su kama juna a kowane lokaci? A tsakiyar shekarun 1960 Ebashi ya gano wani furotin da ya sa wa suna tiroponin, ya kuma nuna cewa shi ne yake karɓar umarni daga sinadarin kalsiyam.

Ga yadda abin yake. A kan zaren aktin akwai wani dogon furotin, tiropomayosin, da ya kwanta ya rufe wuraren da mayosin zai kama, tamkar sakata a bayan ƙyaure. Tiroponin shi ne mai tsaron wannan sakata. A farkon shekarun 1970 aka tabbatar da cewa shi kansa gida uku ne. Akwai tiroponin T, wanda yake riƙe da sakatar; akwai tiroponin I, wanda yake danne ta don kada ta zame; akwai kuma tiroponin C, wanda yake jiran kalsiyam. Duk lokacin da tartsatsin lantarki ya ratsa zuciya, kalsiyam yakan kwararo cikin ƙwayar, ya manne wa tiroponin C, siffar tarin ta sauya, sakata ta zame, mayosin ya kama aktin ya ja. Da an janye kalsiyam sai sakata ta koma mazauninta, tsoka ta sake. Kowane bugu da mai karatu yake ji idan ya ɗora yatsa a wuyan hannunsa, wannan buɗewa da rufewa ce ta faru a cikin ƙwayoyi masu ɗimbin yawa a lokaci guda.

Sa'ar da likitoci suka taka ita ce, tiroponin T da tiroponin I na zuciya sun bambanta da na tsokar hannu da ƙafa a jerin tubalan da aka gina su da su, domin umarnin gadon da ke ƙera su daban ne. Tiroponin C kuwa iri ɗaya ne da na wasu tsokokin jiki, shi ya sa ba a damu da auna shi ba.

Tarko mai baki biyu

Sanin cewa akwai shaida daban, kamo shi daban. Yawan tiroponin da yake shiga jini ƙanƙane ne ƙwarai, ga shi kuma a cakuɗe da dubban wasu furotin. Abin da ya buɗe hanya shi ne aikin Georges Köhler da César Milstein a Kambirij ta Ingila a 1975, inda suka gano yadda za a samar da antibodi iri ɗaya tak, mai yawa, a ɗakin gwaje-gwaje. Antibodi furotin ne da garkuwar jiki take ƙerawa, kuma kowane ɗaya abu guda kawai yake ganewa ya kama, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwaɗo ɗaya. A 1987 wasu masu bincike a Ingila suka wallafa hanyar auna tiroponin I, a 1989 kuma Dakta Hugo Katus na Jami'ar Haidalbag a Jamus da abokan aikinsa suka fito da gwajin tiroponin T.

A yau ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje yakan ɗebi jini kaɗan daga jijiyar hannu, bai fi cikin ƙaramin cokali ba, ya zuba a kwalba, ya sa a na'urar da take juyawa da tsananin sauri har ƙwayoyin jini su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai kalar rawaya ya taso sama. Wannan ruwa ake haɗawa da antibodi iri biyu. Na farko yana kama tiroponin ta gefe ɗaya ya riƙe shi. Na biyu yana kama shi ta wani gefen, kuma an rataya masa wani sinadari mai ba da haske. Sai a wanke duk abin da bai kamu ba. Idan babu tiroponin, antibodi na biyu ba shi da abin riƙewa, ruwa ya tafi da shi, ba a ga haske ba. Idan akwai, gwargwadon yawansa gwargwadon hasken, na'ura kuma ta mayar da hasken lamba. Hikimar baki biyu ita ce, da wuya wani baƙon furotin ya yi kama da tiroponin ta gefe biyu a lokaci guda. Aikin cikin na'ura ba ya kai minti 20.

Da wannan gwaji ya shiga hannun likitoci sai ya nuna musu abin da ba su zata ba. A 1992 Dakta Christian Hamm na Hambag da abokan aikinsa suka ba da rahoton majinyata 84 masu ciwon ƙirji ko suna zaune, waɗanda bisa ma'aunin wancan zamani ba a ɗauke su a matsayin waɗanda tsokarsu ta mutu ba. An sami tiroponin T a jinin 33 daga cikinsu, alhali CK-MB uku kacal ya nuna. Daga cikin 33 ɗin nan, 10 suka sami cikakken bugun zuciya tun suna kwance a asibiti, biyar suka rasu. Daga cikin sauran 51 kuwa mutum ɗaya ne hakan ta same shi. Ashe ƙaramar ɓarnar da tsohon gwaji ba ya gani gargaɗi ce ta babbar da ke tafe. A shekarar 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka sake fasalta ma'anar wannan ciwo, suka ɗora tiroponin a gaba.

Gwaje-gwajen suka ci gaba da ƙara kaifi. Waɗanda ake kira masu tsananin kaifi sun shiga asibitocin Turai wajen 2010, Amurka kuma ta amince da na farko a 2017. Ana auna su da nanogiram a cikin lita, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne idan aka raba giram gida biliyan. Iyakar da aka fi sani ta tiroponin T ita ce nanogiram 14 a lita. Domin ɗalibi ya ji ƙanƙantar wannan, ya ƙaddara an narka sukari cokalin shayi uku da rabi a cikin ruwan da zai cika tankokin dakon mai 30,000, irin masu cin lita 33,000, sa'an nan aka ce na'ura ta ɗanɗano shi. Da irin wannan kaifi aka gane cewa yawancin masu lafiya ma suna da ɗan tiroponin a jininsu. Saboda haka ake auna mutane masu lafiya da yawa, a ja layi a inda 99 cikin ɗari suke ƙasa da shi. Layin mata yakan fi na maza ƙasa. A wani gwajin tiroponin I, 16 ne ga mata, 34 ga maza. Idan aka auna mace da layin namiji ana iya sallamar ta da ciwonta.

Lamba ba ta faɗin dalili

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, har da wasu ma'aikatan lafiya. Tiroponin da ya haura layi yana faɗin abu ɗaya ne kurum, wato an ji wa tsokar zuciya rauni. Bai ce jijiya ce ta toshe ba. Mai ciwon ƙoda da ya daɗe yakan zauna da tiroponin sama da layi shekara da shekaru. Cutar da ta bi jini ta galabaita mutum, da kumburin tsokar zuciya da ƙwayar cutar bairus take kawowa, da gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, da zuciyar da hawan jini ya gajiyar, duk suna ɗaga shi. Harbin wasu kunamu masu mugun dafi yana iya taɓa tsokar zuciya, musamman ga yara, a kuma ga alamar a jini. Masu gudun dogon zango na kilomita 42 da yawa sukan ƙare tsere da tiroponin sama da layi, bayan kwana ɗaya ko biyu ya sauka. Haka nan raunin zuciyar da yake kama wasu mata a ƙarshen ciki ko cikin jego, wanda likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka bayyana yawansa a ƙasar Hausa tun shekarun 1970, ciwon tsokar zuciya ne wanda babu toshiyar jijiya a cikinsa. Tiroponin yana iya ɗan ɗagawa ko ya ƙi, hoton zuciya na sauti ne yake tabbatar da shi. Wannan ne ya sa fasalin da likitocin duniya suka amince da shi a 2018 ya raba raunin tsoka da mutuwar tsoka saboda rashin jini. Kafin a ambaci na biyu sai an ga lambar tana hawa ko tana sauka, an kuma haɗa ta da alamun ciwo, ko zanen lantarki, ko hoto.

Gwajin yana iya yin kuskure ta ɗaya ɓangaren ma. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa bitamin ɗin nan bayotin, da wasu suke sha da yawa don gashi da farce, yana iya sa wasu na'urori su nuna tiroponin ƙasa da yadda yake. Abin da mutum ya ɗauka ƙarin lafiya ne, bai ma ga dalilin gaya wa likita ba, sai ya rufe bakin shaida.

Agogo

Babban abin da yake ba lambar ma'ana shi ne lokaci. Ɗan kaɗan na tiroponin, wanda bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, yana yawo ne a sake a cikin ƙwayar tsoka, shi ne yake fara fita. Sauran yana ɗaure a jikin zaruruwa, sai sun ruɓe a hankali yake kuɓucewa. Don haka lambar takan fara hawa a cikin sa'a biyu zuwa uku da fara ciwo, ta kai ƙololuwa wajen kwana ɗaya, sa'an nan ta sauka a hankali. Tiroponin T yana iya kai mako biyu ana ganinsa. Wannan jinkirin sauka alheri ne ga mutumin ƙauye da ya kwana huɗu yana shan jiƙo kafin a kawo shi birni, domin CK-MB ya riga ya koma daidai cikin kwana biyu zuwa uku, amma tiroponin yana nan yana ba da labari.

Jinkirin hawa kuwa tarko ne. Wanda aka ɗebi jininsa rabin sa'a da fara ciwo zai iya nuna lamba mai kyau alhali ɓarna tana gudana. Shi ya sa ba a yanke hukunci da awo ɗaya sai a yanayi na musamman. A da sai a jira sa'a shida ko fiye a sake. Da na'urori masu kaifi ana sakewa bayan sa'a ɗaya, ko biyu, ko uku. Mu koma ga magidantan nan biyu. A ce mai buhun gero ya nuna 6, bayan sa'a uku ya sake nuna 6. Mai ƙunar ƙahon zuci ya nuna 11, wanda shi ma ƙasa da layi ne, amma da aka sake sai ga 90. Da awon farko aka tsaya, da dukansu an ba su maganin olsa sun tafi. Na biyun nan irin majinyacin da ake yawan kuskurewa ne, domin masu ciwon sukari, da tsofaffi, da mata, sau da yawa ba sa jin nauyin ƙirjin da littattafai suke siffantawa. Abin da suke kawo kuka a kai shi ne ƙuna, ko haki, ko zufa mai sanyi, ko wata irin gajiya marar dalili.

Akwai kuma lokacin da ba a jiran jini sam. Idan zanen lantarki ya nuna babbar jijiya ta toshe gaba ɗaya, likita yakan fara aikin buɗe ta nan take, ko da allurar narka gudan jini ko ta hanyar zura siririn bututu, domin kowane minti tsoka ce take tafiya. Sakamakon jini ya iske su daga baya.

A asibitocinmu da yawa babu babbar na'urar, sai ɗan katin gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ɗiga wa jini a jira layi ya fito. Yana da amfani, amma kaifinsa bai kai na na'ura ba, kuma yawanci i ko a'a yake cewa, ba ya nuna hawa ko sauka. Layin da bai fito ba a farkon ciwo bai wanke zuciya ba. A sake bayan sa'a shida. A kowane hali, na'ura ce ko kati, tambayar farko da likita zai yi ita ce, yaushe ciwon ya fara? Ɗan'uwan majinyaci da ya iya cewa "tun ana kiran sallar Isha'i", maimakon "ya ɗan jima", ya ba likita abin da zai lissafa ko jinin da aka ɗiba ƙarfe goma na dare ya isa a gaskata shi, ko kuwa sai an sake ɗiba ƙarfe ɗaya.